Mai Hoto, Ina 'Yan Tseren?

'Yan'uwana mata, musamman mu da muke gidajen aure, kun san dai duk wani wasa da maza suke yi a fili, kokawa ce ko dambe ko sukuwa ko tseren keke, ba da idonmu muke ganinsa ba. Budurwa takan leƙa, ita ma ɗin daga nesa, amma matar aure sai dai ta jiyo kiɗa da ihu ta kan katanga, in yara sun dawo da yamma su ba ta labari, kowa da irin nasa ƙarin gishirin. Abin da ya rage mana shi ne hoto. Da can maigida ko ƙane zai shigo da shi cikin ambulan, yanzu kuwa a waya ake turo mana. Kuma in kun lura mu ne masu ajiyarsa, domin da wuya ki sami namijin da ya san inda albam ɗin gidansa yake. Yana can ƙasan akwati tare da zannuwan da ba a ɗaurawa sai da dalili. To tunda mu ne masu kallo, mu ne kuma masu ajiya, ina ganin muna da bakin magana a kan irin hotunan da ake kawo mana.

Na duba hotuna masu yawa na wasannin fili da samari suke yi a yankinmu na Jega da Aliero da Maiyama, wasu tsofaffi na takarda waɗanda suka fara ja, wasu na waya. Na fi mai da hankali kan na tseren keke, saboda a nan ne cutar da nake son faɗa ta fi fitowa fili. Cutar kuwa ita ce, za ki buɗe hotunan tsere tun daga na farko har na ƙarshe, ki ga kowa da kowa, amma ba ki ga tsere ba.

Me za ki gani? Rumfa. Kujeru a jere, manyan baƙi sun sha manyan riguna, wannan yana raɗa wa wancan magana, wani yana riƙe da lasifika. Sai hoton babban baƙo yana saukowa daga mota, sai hotonsa yana zama, sai hotonsa yana miƙewa. Can wajen ƙarshe sai ki ga an miƙa wa wani yaro kyauta, fuskar mai miƙawa ta cika hoton tana murmushi, shi kuwa yaron da ya sha rana ya taka feda har ƙafafunsa suna rawa, ƙeyarsa kawai aka ɗauka. Wallahi na ga hoton da uwar yaron da kanta sai da ta gane shi ta wurin rigar da ta wanke masa. Haba jama'a! In an ce ga hoton biki aka nuna miki 'yan ɗaurin aure kaɗai babu amarya, ai kya ce a mayar wa mai shi.

Na taɓa yi wa wani tsohon mai hoto wannan ƙorafi, mutum ne mai raha, ya daɗe yana yawo da kyamara a wuya. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wa ka sayen hoton yaro? Yaron ga ko kuɗɗin faci bai da su. Alhaji guda kau shina ɗaukar kwafi biyar." Gaskiyarsa ce ta wani fannin, kuma ban raina ta ba. A zamanin fim, nadi ɗaya hoto 36 yake ɗauka, wani 24, kuma da kuɗinsa ya saya, da kuɗinsa zai kai a wanke, in ya ɓata guda ya yi asara. Mutumin da yake zaune a kujera ba ya motsi, hotonsa zai fito tas, kuma aljihunsa da nauyi. Yaron da ya wuce kamar iska kuwa, ƙila hoton ya fito dishi-dishi, in ma ya fito babu mai biya. Kowa ya san inda mai neman abinci zai juya kyamararsa. Amma wannan uzuri ya mutu tun da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa. Yau babu fim, babu wanki, mutum zai ɗauki ɗari ya goge casa'in bai yi asarar ko sisi ba. Duk da haka samarinmu masu waya sun gaji halin nan ɗungurungum, suna tsaye gaban rumfa sun juya wa hanya baya. Ashe tun asali ba tsadar fim kaɗai ba ce, akwai wata ɗabi'a tamu ta ganin cewa taro na mai babbar riga ne, sauran jama'a cikon fili.

Ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda shi ne abin alfaharin jiharmu ta Kabi, bai tsira ba. Tun 1934 ake yinsa, a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, masu hoto kuwa daga ko'ina suke zuwa. Akwai hoton da kowa ya sani, na dubban masunta sun ruga cikin Matan Fada da goruna da homa, kuma hoto ne mai kyau, ba na musu. Amma ki duba na ƙarshen biki. A 2020, da aka dawo da shi bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, kifin da ya ci gasa kilo 78 ne. Ki yi tunanin mutumin da ya nitse cikin ruwa mai laka ya yi kokawa da halittar da ta kai nauyin ƙaton namiji har ya fito da ita. A yawancin irin waɗannan hotuna giwan ruwan yana tsakiya, manya sun kewaye shi, masuncin kuwa sai kin yi nema. Ga kabanci, ga tseren kwale-kwale, ga kamun agwagwar ruwa, duk abubuwan da suke da rai da motsi, amma abin da ya fi yawo a jarida shi ne layin kujeru.

Akwai kuma wani nau'in hoton da samarin da kansu suke so, wato a tsaya bayan an gama, a riƙe keke, a ɗora ƙafa ɗaya kan feda, a ɗaure fuska. Wannan ban tsane shi ba, yana da tarihinsa. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Yakan ajiye rediyo da agogo da keke da babur, wanda ya zo ɗaukar hoto ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi, ko da ba nasa ba ne. Mu ma nan an yi haka, wa bai ga hoton kawunsa ya dafa Rali sabo ful, alhali a ƙafa ya zo shagon ba? Irin wannan hoto yana nuna burin mutum, kuma hotunan Keïta yau suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Sai dai hoton keke ne a tsaye, ba hoton tsere ba. Wanda ya fi burge ni shi ne ɗan ƙasarsu Malick Sidibé, wanda ya rasu a 2016. Shi fita yake yi da kyamararsa ya bi matasa inda suke, wurin rawa da dare, da bakin kogin Kwara inda suke wanka da wasa, kogin nan dai da ya biyo ta Yawuri. A hotunansa za ki ga ƙafa a sama, riga tana kaɗawa, ruwa yana fantsama. Babu gwamna babu attajiri, 'ya'yan talakawa ne zalla, kuma saboda su aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Banis na Italiya a 2007.

To me ya sa hoton mai gudu yake da wuya? Na tambaya an yi mini bayani, kuma abin lissafi ne mai sauƙi. Kyamara tana da wani ɗan marfi da yake buɗewa ya rufe, haske ya shiga a wannan ɗan tsakanin. Yaron da yake gudun kilomita 36 a awa, a kowace daƙiƙa yana cin mita 10. In marfin ya zauna a buɗe na kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, kafin ya rufe yaron ya matsa santimita 20, kusan taƙi guda, shi ya sa fuskarsa take fitowa kamar an shafa ta da hannu. In kuwa kashi ɗaya cikin 1000 ne, santimita ɗaya kacal zai matsa, sai ki ga har gumin goshinsa. Amma marfi mai saurin nan haske yake so da yawa, don haka da rana ake samunsa, ba gab da magariba ba. Tun 1878 wani Bature mai suna Muybridge ya jera kyamarori 12 a bakin filin sukuwa a Kalifoniya ta Amurka, ya nuna wa duniya cewa doki in yana sukuwa akwai lokacin da duk kofatansa huɗu suke sama ba ɗaya a ƙasa. Abin da ido ya kasa gani, hoto ya kama. Mu da muke ƙasar dawaki, shekara kusan 150 bayan haka, har yanzu hoton dokinmu a tsaye yake ana riƙe da linzami.

Akwai ma wata dabara da ba ta bukatar kyamara mai tsada. Mai hoto ya tsaya a gefen hanya, ya sa ɗan tseren a ido tun daga nesa, ya riƙa juyawa da shi a hankali kamar yadda kike bin yaro da ido in ya ɗauki kwanon miya, ya danna yana cikin juyawar. Sai yaron ya fito sarai, itatuwa da 'yan kallo na bayansa su zama zane-zane, duk wanda ya kalla sai ya ji iskar gudun. Wayoyi da yawa kuma in an danne maɓallin sukan ɗauki hotuna a jere, a zaɓi mai kyau. Abin da ake bukata kawai shi ne mutum ya bar inuwar rumfa ya taka zuwa inda ake wahala, wato kwana, ko hawa, ko inda kwalta ta ƙare aka shiga yashi, ya durƙusa ƙasa, ya bar rana a bayansa. In lokacin hunturu ne, ƙurar da muke kuka da ita a ɗaka ita ce adon hoton.

Kuma abin da yake ba ni takaici, hanyoyinmu suna da abin nunawa. Wanda ya tashi daga Jega ya nufi Aliero ta hanyar Sakkwato, zai ratsa ƙasar albasa, ga lambuna kore shar da rani, ga rudun albasa, ga buhuna jibge a bakin titi ana jiran manyan motoci. Wanda ya yi kudu wajen Maiyama ta hanyar Koko, ga gulbin Zamfara da fadamunsa, ga shanu suna tsallaka titi ba ruwansu da wani tsere. In aka ɗauki yaro a kan keke da waɗannan a bayansa, ko bayan shekara 50 jikansa zai ce nan garinmu ne. Hoton rumfa kuwa, in kin rufe rubutun da ke jikin ƙyalle, ba za ki bambance na Jega da na Jalingo ba.

Sannan su kansu kekunan. A talabijin muna ganin na Turawa marasa nauyi, masu kai a lanƙwashe. A 2024 wani ɗan Eritriya, Biniam Girmay, ya ci zango uku a babban tseren Faransa, ya tafi da koriyar riga, duk Afirka aka yi murna. A 2025 aka yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karon farko a nahiyarmu. Maƙwabtanmu na Burkina Faso kuwa tun 1987 suka fara nasu tseren na zagaya ƙasa. Na lura wasu masu hotonmu kamar kunya suke ji su nuna namu kekunan kusa da waɗancan, sai su yanke hoton daga ƙugu zuwa sama. Kuskure ne babba. Keken da yaron Aliero yake tsere da shi, shi ne jiya ya ɗauko buhun albasa daga lambu, shi ne gobe zai kai ƙanwarsa makaranta a kan kariya. Sirdin an ɗaure shi da roba, tayar ta sha faci, birkin baya sai an taimaka masa da silifa. Wanda ya yi gudu da wannan ƙarfen ai ya fi cancantar a nuna abin hawansa.

A duk tarin da na duba, hoto ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma da alama ba da niyya aka ɗauke shi ba, don a karkace yake. Wani yaro ne sarƙar kekensa ta zame ana tsakiyar gudu. Ya durƙusa a gefen titi, hannayensa baƙi ƙirin da mai, yana ƙoƙarin mayar da ita, amma idonsa ba ya kan sarƙar, yana kan bayan abokansa da suke ɓacewa cikin ƙura. A gefensa wani tsoho da gatari a kafaɗa ya tsaya ya riƙe masa kan keken. Babu wanda ya kalli kyamara. Ni marubuciya ce, na san wahalar da nake sha kafin in sa mai karatu ya ji zafin rashi a shafi goma, ga shi hoto ɗaya karkatacce ya yi shi. Wanda ya zo na ɗaya a ranar ban san fuskarsa ba, wannan da ko ƙarasawa ƙila bai yi ba, ina iya zana miki shi.

Faɗuwa ma haka. Ba a rasa mai faɗuwa a tsere, kuma mu nan in ƙashi ya karye an san inda ake nufa, domin masu ɗorin Aliero sunansu ya kai har ƙasashen maƙwabta. Ba ina cewa a tsaya ɗaukar yaro yana kwance cikin jini ana watsawa ba, wannan rashin imani ne, a ɗaga shi tukuna. Amma hannayen da suka ɗaga shi, da wanda ya tura masa kekensa gida, ai suna cikin labarin ranar. Masu ɗaukar kokawar takobi ta Nijar, wadda ake yi tun 1975, sun fi namu gane wannan. In Issaka Issaka na Doso ya yi kaye, za ki ga hoton lokacin da ƙafar abokin karawarsa ta bar ƙasa, ki ga yashi ya tashi, ki kuma ga fuskar wanda aka kayar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye. Ina mata a waɗannan hotuna? In kin duba za ki ce garin maza ne zalla. Alhali tayar da ke jikin keken nan, sau da yawa da kuɗin adashin uwa aka saye ta, ko na ƙuli-ƙuli. Kunun da ya sha da asuba wata ce ta dama. In ya dawo da kyautar bokiti ko atamfa ko rediyo, ɗakinta za a kai. Ba wanda ya taɓa tunanin ya biyo yaron har gida, ya yi sallama, ya nemi izinin maigida da nata, ya ɗauke su tare a zaure ita da ɗanta da kekensa. Ga hoton da za a sa a firam.

Maimakon haka, matan da suke shiga hoto su ne waɗanda ba a tambaye su ba. 'Yan mata masu tallar gyaɗa da ruwan sanyi, da waɗanda suka tsaya kallo a gefe, sai wani ya jawo fuskarsu da waya daga nesa ba su sani ba. Kafin dare hoton ya zaga WhatsApp, an yi masa rubutu a ƙasa, samari suna ta sharhi. Na san yarinyar da aka ɗauka tana dariya, wani saurayi da ba ta ma san shi ba yana tsaye kusa da ita saboda cunkoso. Hoton ya isa hannun dangin wanda ya kawo mata kuɗin gaisuwa, aka ce ga ta can tana hira da maza a filin wasa. Sai da manya suka yi ta kai da kawowa kafin maganar auren ta miƙe, kuma har yau in an taɓo zancen sai ta yi hawaye. Shi mai ɗaukar yana can yana yawonsa, a ganinsa wasa ya yi. Ɗan tsere da ya hau keke gaban jama'a ya san za a ɗauke shi, don haka ya fito. Yarinyar da ta zo sayar da gyaɗar innarta ba ta yi wannan alkawari da kowa ba. Abin mamaki, mai wayar da ya ce hoton mai gudu yana da wuya, bai taɓa kuskuren saitin fuskar budurwa ba.

Kada kuma a ce mace da keke ba su haɗu ba. A wasannin Olamfik na Faris a 2024, mutum na farko da ya taɓa wakiltar Nijeriya a tseren keke mace ce, Ese Ukpeseraye. Da aka zo tseren cikin fili ba ta da irin keken da ake bukata, sai 'yan tawagar Jamus ne suka ara mata. Maganar ta yi ta yawo, mutane suna ta faɗa da hukuma, kuma da gaskiyarsu. Ni dai abin da na riƙe shi ne hotonta a kan keken aro, ta sunkuya tana taka shi iya ƙarfinta. Da mai hoton ranar irin namu ne, da shugabannin tawaga za mu gani suna gaisawa.

Saura magana ɗaya, ita kuma laifinmu ne mu masu ajiya tare da su. Tsofaffin hotunan nan in kin juya bayansu, hatimin shagon mai hoto kawai za ki gani, wani ma babu. Ba suna, ba shekara, ba gari. Akwai wani da na samu a albam ɗin gwaggona, samari bakwai da kekuna sun yi layi, wanduna masu faɗin ƙafa. Na ce, "Gwaggo, su wane ne waɗannan?" Ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana dubawa, ta nuna na biyu daga dama ta ce wannan kawunku ne, wancan kuma kamar ɗan gidan maƙwabtansu na da, sauran biyar ɗin ta ce Allah kaɗai ya sani. Ko kafin a yanke mana jiha daga Sakkwato a 1991 aka ɗauka ko bayan nan, ta ce ita dai ta san lokacin tana goyon ɗanta na uku. Da wannan na yi lissafi na samo shekarar, na rubuta a baya da biro tare da sunaye biyun da ta gane. Na waya kuwa sun fi waɗannan saurin ɓata, don ranar da wayar ta faɗa rijiya ko aka sace ta a kasuwar Jega, shi ke nan. Wanda duk ya yi miki kyau a cikinsu, musamman in ɗanki ne ko ƙanenki a kan hanya yana gudu, ki ba da a wanko miki shi a takarda, kuɗinsa bai kai na sabulun wanka biyu ba.